Guringuntsin da Ba Ya Dawowa

A shekarar 1743, William Hunter ya gabatar wa masana a Landan maƙala kan guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙasusuwa a gaɓa. Abin da ya jaddada shi ne, in guringuntsi ya lalace ba ya sake tsirowa. Daga baya aka ƙara fahimtar dalili: babu jijiyar jini a cikinsa, ruwan gaɓa ne ke ciyar da shi. Ita kuwa tantanin da ke samar da ruwan cike take da jini, don haka ƙwayoyin cuta kan ratsa ta cikin sauƙi.

A 1874 Thomas Smith ya bayyana yadda mugunya ke cinye gaɓoɓin jarirai, musamman kwatangwalo. Da yawa sun mutu, wasu sun tashi da gurguntaka. Sai a 1880 Alexander Ogston ya gano stafilokokas a cikin mugunya, ƙwayar da har yau ta fi haddasa wannan ciwo.

Zuwan penisilin a shekarun 1940 ya rage mace-mace ƙwarai, amma bai sauke wa likita nauyin tsotse mugunyar ko wanke gaɓar da gaggawa ba, domin cikin 'yan kwanaki guringuntsin ke narkewa.