Daga Ƙanƙara da Gishiri Zuwa Tsinken Sanyi: Tarihin Kashe Cuta ta Hanyar Daskarewa

  Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani ɗan ƙarfe da likitoci ke daskarar da nama mai cuta da shi har naman ya mutu. Don sauƙin magana za mu kira shi tsinken sanyi. Mun ɗauko shi ne saboda ƙarshen labarinsa ya biyo ta kan iyayenmu mata da yayyenmu a nan Ungogo.

Mu Hausawa da wuta muka san ana kashe cuta. A sakiya, ƙarfe ake gasawa ya yi ja a huda kumburi da shi. A lalas ma ƙarfe mai zafi ake ɗorawa a fata. Sanyi kuwa abin gudu ne a wurinmu, har akwai jerin cututtukan da muka haɗa muka kira su ciwon sanyi. Ƙanƙara a da ba a ganin ta sai in ta zubo tare da ruwan sama, manomi yana salati saboda gonarsa. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a Janairun 1824 har ya zo Fanisau gaida Sarki Ibrahim Dabo, ya rubuta da mamaki cewa a hanyarsu daga Borno sun wayi gari wata rana sun tarar ruwan salkunansu ya daskare. Abin da ya zama abin mamaki a ƙasarmu, a Ingila kayan yau da kullum ne, kuma a can aka fara gwada shi a kan cuta.

Tsakanin 1845 da 1851 wani likita a garin Brighton mai suna James Arnott ya riƙa dake ƙanƙara yana haɗa ta da gishiri, sanyin ya sauka kusan digiri 20 ƙasa da sifili, ya ɗora a kan dajin nono da na bakin mahaifa. Ya ga raɗaɗi yana raguwa, ƙarin ma yakan ɗan motse. Har ya kai kayan aikinsa babban baje kolin da aka yi a Landan a 1851. Amma warkewa ba ta samu ba, don sanyin ba ya ratsa nama sosai, ƙanƙarar kuma narkewa take yi ana cikin aiki. Daga nan matsalar ta fito fili: ina za a samo sanyin da ya fi wannan, kuma yaya za a ajiye shi a kai shi daidai inda cutar take?

Masana kimiyya ne suka amsa rabin tambayar. A 1877 aka yi nasarar matse iskar oksijin ta koma ruwa a Faransa da Suwizalan. A 1892 James Dewar ya ƙera tulu mai bango biyu da ke riƙe sanyi ko zafi, wanda shi ne kakan filas ɗin shayin da ke gidajenmu. Da aka samu wurin ajiya sai likitocin fata suka shigo. A 1899 Campbell White a birnin New York ya yi amfani da iskar da aka mayar ruwa a kan cututtukan fata, a 1907 kuma William Pusey a Chicago ya kawo daskararriyar iskar kabon, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili. Zuwa 1950 ana tsoma auduga a ruwan naitirojin, mai digiri 196 ƙasa da sifili, a ɗiga a fata. Duk wannan a saman jiki ya tsaya.

Tsinken da kansa an haife shi a 1961. Likitan ƙwaƙwalwa Irving Cooper da injiniya Arnold Lee, a asibitin St. Barnabas da ke New York, suka ƙera siririn bututu wanda ruwan naitirojin ke zagayawa a cikinsa. Jikinsa a lulluɓe yake, bakinsa kaɗai ke yin sanyi, don haka ana iya zura shi cikin jiki ba tare da ya lalata naman da ya ratsa ba. Cooper ya yi amfani da shi wajen daskarar da wani ɗan gurbi a ƙwaƙwalwar masu ciwon karkarwa, wato Parkinson.

Mataki na gaba a Afirka aka taka shi. A asibitin Baragwanath da ke Soweto a Afirka ta Kudu, likitan ido Selig Percy Amoils ya fito da tsinken da ba ya buƙatar ruwan naitirojin a 1965. Dabarar ita ce iskar da aka matse a tukunya, in aka sake ta ta wata 'yar ƙaramar kafa, sanyi take yi nan take. Duk wanda ya taɓa sa hannu a bakin taya lokacin da mai faci ke sace iska ya ji irin wannan sanyin. Amoils ya riƙa manna bakin tsinken a kan yanar ido, ta daskare ta kama ƙarfen, sai ya zaro ta ɗungurungum. Shi ne kuma ya yi wa Nelson Mandela aikin yanar ido a 1994. Amfanin ƙirarsa shi ne tukunyar gas ta wadatar, kuma wannan ne ya sa tsinken ya iya fita daga manyan ɗakunan tiyata.

Yadda sanyi ke kashe nama ba boyayye ba ne. Ƙwayoyin halittar jiki cike suke da ruwa. In aka daskarar da su da sauri, ruwan ya zama ƙanƙara mai tsini ta fasa su daga ciki, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da wurin su toshe. Ku tuna tumatirin da ya kwana a firiza: in ya narke, laushi yake yi ya zube. Bayan 'yan makonni jiki ya zubar da mataccen naman ya toho da sabo.

A 1967 aka fara amfani da tsinken a bakin mahaifa, kuma a nan tarihinsa ya haɗu da namu. A 1983 Bajamushe Harald zur Hausen ya gano nau'in ƙwayar cutar HPV da ke haddasa dajin bakin mahaifa, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2008. Abin lura shi ne cutar ba dare ɗaya take zama daji ba. Ga macen da garkuwar jikinta ke da ƙarfi takan ɗauki shekara 15 zuwa 20, kuma a tsawon lokacin nan akwai tabo a bakin mahaifa wanda ba ya ciwo, ba ya jini. In ma'aikaciyar jinya ta shafa ruwan khal, wato binega, sai tabon ya yi fari a gan shi da ido. Daga nan a ɗora tsinken: minti uku ana daskarewa, minti biyar ana bari ya narke, a sake minti uku. Babu yanka, babu allurar barci, mace da ƙafarta take komawa gida. Tsakanin 2005 da 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan tsari na dubawa da magancewa a ƙasashen Afirka shida, da Najeriya a ciki.

To me ya hana abu mai sauƙi haka game ko'ina? Abu na farko gas. Tukunyar tana da nauyi, tana ƙarewa, sai an kai ta birni an cika, wani lokaci kuma bututun ya toshe ana tsakiyar aiki. Na'ura lafiya lau sai ta zauna a kabad wata da watanni saboda babu gas. Abu na biyu tsafta. Ƙarfen da ya taɓa jikin wata dole a wanke shi a kashe ƙwayoyin cutar da ke kansa kafin ya taɓa wata, balle bayan bayyanar cuta mai karya garkuwar jiki da sanin haɗarin ciwon hanta. Mun ga irin wannan sauyi da idonmu, daga sirinjin gilas da ake dafawa zuwa na roba da ake yarwa, da yadda mutane suka fara zuwa wurin aski da rezarsu. Masu ƙera tsinken sanyi ma hanyar da suka bi ke nan. Allurai masu aiki da iskar argon da ake soka wa ƙarin ƙoda ko hanta ko mafitsara a manyan asibitocin duniya, sau ɗaya ake amfani da su a jefar. Wannan ya magance yaɗuwar cuta, sai dai ya buɗe wata ƙofar kashe kuɗi, domin duk abin da ake yarwa gobe sai an sayo wani, daga waje, da dala. Ga asibitin karkara, bakin ƙarfe da ake cirewa a tsaftace a mayar ya fi dacewa da aljihu, muddin akwai ruwa da sinadari da ma'aikacin da ba ya ha'inci.

Wahalar gas ce ta sa aka waiwayi zafi. Tun 1966 likita Kurt Semm a Jamus ya ƙera na'urar da ke ƙona tabon da zafin digiri 100 cikin ƙasa da minti ɗaya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, kuma yanzu akwai ƙanana masu batir da ke shiga jaka. Ashe dai lalas ɗin kakanninmu bai yi nisa da gaskiya ba, ma'auni da tsafta ne suka yi masa ƙaranci.

Ga inda batun ya tsaya a yau. A 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 ne suka kamu da dajin bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin duniya na kawar da cutar: zuwa 2030 a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata rigakafi, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. A Oktoban 2023 Najeriya ta fara rigakafin HPV ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Daga Rangaza ko Karo ko Bachirawa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala ba wata tafiya ba ce. Amma matar da ba ta jin ciwo, ga shara da girki da surfe, ga kunya, ga neman izini da kuɗin mota, me zai fitar da ita? Sai jini ya ɓalle ake ɗaukar ta, lokacin da tsinken sanyi ba shi da sauran amfani. Ga kuma tabon rashin yarda da gwajin maganin Trovan na 1996 ya bari a Kano, wanda ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. Mutanenmu suna da dalilin yin tambaya, kuma sun cancanci amsa da harshensu.

Nan ne aikinmu yake. A yawancin labaranmu, da an ce daji sai likita ya cire tabarau ya ce sai haƙuri, ko Alhaji ya yanki tikitin Indiya. Shekarun nan 15 zuwa 20 da ake iya ceton rai da aikin minti goma sha ɗaya ba ma rubuta su, alhali cike suke da labari. Akwai matar da za ta faɗa wa mijinta an ce su ƙaurace wa shimfiɗa na mako huɗu har wurin ya warke. Akwai uwar miji da ta ji an ce an taɓa mahaifa, da kishiyar da ta samu abin faɗa, da ma'aikaciyar jinyar da gas ya ƙare mata ga layi a waje.

In za mu rubuta, mu kiyaye gaskiya uku. Tsinken sanyi tabon farko yake kashewa, ba ya warkar da dajin da ya riga ya kama. Ba a cire mahaifa, kuma aikin ba ya hana haihuwa. Ruwan da mace ke gani na 'yan makonni bayan aikin alamar warkewa ce. Kuskure ɗaya a littafin da mata dubu za su karanta ya isa ya hana wata zuwa asibiti. Kafin mu sa alƙalami, mu je asibitin da ke kusa da mu, mu zauna da ungozoma ko ma'aikaciyar jinya, mu tambaye ta a ina ake wannan gwaji da yadda take yi wa mata bayani. Kalmomin da take amfani da su sun fi duk wanda za mu ƙirƙira a ɗaki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.