Mundayen Kakanninmu da Ma'auni

Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, kuma shi kakanninmu da yawa suka biyo, masu sayen gyaɗa da ƙaro da fatu, har Hausari ta cika. A cikinsu akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda ba ruwansu da fartanya ko gatari. Nan suka tarar da matan Manga da na Fulani, ga na Bade daga Gashuwa, ga Buzaye masu saukowa ta Yusufari, kowa da adon da idonsa ya saba.

Azurfar kuwa kuɗi ne ake narkarwa. Liyari, dalar nan ta Ostiriya da Barebari ke kira gursu, ta daɗe tana yawo a Borno. Nauyinta giram 28, kuma duk wadda aka buga tun daga 1780, shekarar nan za ka gani a jikinta. Sulen Turawa ma na azurfa ne kafin 1920. Yaro na zuga, maƙeri ya narke su, ya ja waya, ya murɗa, ya daka a kan uwar maƙera, sai ga munduwa mai kauri wadda hannu ke sanin an sa masa abu. Ba inji, don haka da wuya ka sami biyu iri ɗaya sak.

To, a wannan zamanin ne wasu a Amurka suka taso da abin da suka kira sabon salo. Alexander Calder ya ƙera kayan ado wajen 1,800 da waya da guduma, galibi na tagulla da azurfa. Art Smith, baƙar fata, shagonsa na birnin New York, inda a 1946 babban gidan adana fasahar zamani ya baje kolin irin wannan aiki. Su a wajensu sarƙa sassaƙa ce da ake ratayawa a jiki, darajarta na ga siffarta da hannun da ya yi ta. Yau sarƙar tagullar Calder ta fi ta zinariya tsada nesa ba kusa ba.

Mu kuwa ma'auni muka sani. Munduwa asusun mace ce, kuma wallahi ta yi rana: a farin 1973 da na 1984 ta ciyar da gidaje. Sai dai mai saye nauyi yake biya, bai tambayar wa ya ƙera, daga hannunsa kuma sai wuta. Haka aikin maƙeran ya narke tare da sunayensu, yayi ya koma zinariyar Dubai da 'yan kunnen China.

Akwai sauran 'yan kaɗan a ƙasan adakar iyayenmu mata. Wanda ya ga ta gidansu, ya ɗauki hotonta, ya tambayi Hajiya wane maƙeri ne, a wace unguwa, kuma liyari nawa aka narke.