Ƙungiyar Musa Ɗanƙwairo

Ƙungiyar Musa Ɗanƙwairo ƙungiyar makaɗan fada ce ta ƙasar Zamfara, wadda ta yi tashe a tsakiyar ƙarni na 20. Kiɗa gadonsu ne. Mahaifin Musa, Usman Ɗanƙwanda, makaɗin Sarkin Maradun ne. Bayansa sai ɗansa Abdu Kurna ya ja ragama, ƙanensa Musa yana matsayin daudun kiɗa, wato mataimakinsa, kafin Musa ya ware ya kafa tasa ƙungiyar. A yankin Bakura aka haifi Musa, ya rasu a 1991.

Kotso suke kaɗawa. Amma abin da ya bambanta su da sauran makaɗan fada shi ne amshi. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa, tun bai dire ba 'yan amshi sun cafe, wasu da siririyar murya, wasu da kauri, su ƙarasa masa zancen. Mai saurare da wuya ya gane inda jagora ya tsaya.

Waƙar Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wadda aka sani da "Mai Dubun Nasara", ita ta kai sunansu ko'ina a Arewa. Bayan rasuwar Musa 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan.