Girki a lokacin matsi: yadda za a dafa abinci da icce kaɗan

A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar lantarkin da take bai wa Nijar, gidaje da yawa sun ga amfanin samun hanyar girki ta biyu. A daminar 2024 kuma ambaliya ta rusa gidaje a Maraɗi, Damagaram da Tawa, ta jiƙa icce da gawayi, ta yanke hanyoyin da motocin kaya ke bi. A irin wannan hali hatsi na iya kasancewa a ɗaka amma babu abin dafa shi. Maganin abin shi ne a shirya tun ana zaune lafiya.

Murhun da ya dace

Murhun duwatsu uku shi ne ya fi cin icce, don mafi yawan zafinsa iska ke kwashewa, kaɗan ne ke isa gindin tukunya. Tun cikin shekarun 1980 aka fara yaɗa ingantattun murahu a Nijar, irin su Mai Sauƙi na ƙarfe da maƙera ke ƙerawa, da Albarka na laka da ake ginawa a gida. Dabararsu ɗaya ce: a kewaye wuta da bango, a bar ƙofa guda ta icce da iska, tukunya kuma ta nutse ciki yadda harshen wuta zai lashi gefenta. Don shirin ko-ta-kwana na ƙarfe ya fi, saboda ana iya ɗaukarsa idan ruwa ya tilasta a bar gida, na laka kuwa narkewa yake. A sayi wanda ya yi daidai da girman tukunya, in ba haka ba zafi zai riƙa tserewa ta gefe.

Abin hurawa

Gaz, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun 2011, ya fi tsabta da sauri, amma yakan yi wuyar samu. Mai hali ya ajiye butali na biyu mai kilo 6 a cike, a inuwa, nesa da wuta. Gawayin ƙasa na Anu Araren a jihar Agadas yana da wuyar kamawa, amma in ya kama yana daɗewa. Icce kuwa a faskara shi ƙanana, a ɗora a kan dakali ko rumfa, a rufe da leda. Ɗanyen icce ko jiƙaƙƙe yana ɓata zafinsa wajen busar da kansa, sai hayaƙi. Ashana a sa ta a gwangwani mai murfi.

Kwandon ƙarasa girki

Wannan ita ce dabarar da ta fi rage cin icce, kuma ba ta buƙatar kuɗi. A samu babban kwando ko kwali, a shimfiɗa masa tsofaffin tufafi, auduga ko ƙaiƙayi cikin buhu, kauri kamar faɗin tafin hannu a ƙasa da gefe. Idan tukunya ta tafasa sosai, a sauke ta da murfinta, a sa a ciki, a danne da matashi ko bargo. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa aikin. Shinkafa na buƙatar tafasar kamar minti 5, sannan minti 40 a kwando. Waken da ya kwana a jiƙe a tafasa shi minti 20, a bar shi awa 2 zuwa 3. Kada a buɗe don leƙawa. Idan abincin ya huce kafin a ci, a sake tafasa shi. Tuwo dai ba ya shiga wannan tsari, tunda sai an tuƙa.

Ƙananan dabaru

A rufe tukunya kullum. A kare murhu daga iska da bulo ko guntun kwano. A gama yankan albasa da dakan kayan miya kafin a hura wuta. Da zarar an tafasa a zare icce ɗaya, don wuta mai ƙarfi ba ta sa ruwan da ya riga ya tafasa ya ƙara zafi. Garwashin da ya rage a kashe shi da yashi, gawayin gobe ne.

Hattara

Gawayi na fitar da iskar guba marar launi kuma marar wari, wadda ke kisa a rufaffen ɗaki. Ko ana ruwa, a yi girki a rumfa ko a bar ƙofa da taga a buɗe. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya alama ce: a fita waje nan take, a nemi likita. Kada a hura wuta da leda, roba ko fetur. Bayan ambaliya kuma a ware wani kaso na icce don ruwan sha, a bar shi ya yi minti 1 yana tafasa sosai, saboda kwalara.