Fashewar faya kafin lokaci: Yadda ake gane shigar cuta cikin mahaifa

Faya ita ce jakar ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki, kuma ita ke tsare shi daga ƙwayoyin cuta. Bisa al'ada sai naƙuda ta kankama take fashewa. Idan ta fashe kafin ciki ya cika mako 37, abin da ke faruwa ga kimanin mata 3 cikin 100 masu juna biyu, ƙofa ta buɗu ga ƙwayoyin cutar da ke hawowa daga farji zuwa mahaifa.

A nan likita ke shiga tsaka mai wuya. In ya gaggauta haihuwa, a sami bakwaini wanda huhunsa bai nuna ba. In ya jinkirta, cuta na iya shiga jinin uwa da ɗa. Shi ya sa gane ta da wuri ke da muhimmanci.

Alamomin da ake dubawa su ne zafin jiki da ya kai digiri 38, bugun zuciyar uwa fiye da 100 a minti, na ɗan tayi fiye da 160, ciwon mara in an taɓa, da ruwa mai wari. A Tambuwal da Kebbe, inda zazzaɓin cizon sauro ke yawaita da damina, zafin jiki kaɗai na iya ruɗarwa, don haka akan haɗa da gwajin maleriya.

Akwai kuma gwajin jini: ƙidayar fararen ƙwayoyin jini da awon sinadarin CRP, wanda hanta ke fitarwa idan jiki na yaƙi da cuta. Babu ɗayansu da ke yanke hukunci shi kaɗai. Allurar da ake yi wa uwa domin nunar da huhun jariri ma tana ƙara fararen ƙwayoyin na 'yan kwanaki. Abin dogaro shi ne maimaita awo, a ga inda ya dosa.

Domin rigakafi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 a riƙa amfani da maganin erythromycin, wanda akan sha kwana 10. Idan cuta ta tabbata, ba a jira: a ba da magunguna ta jijiya, a fitar da jariri.

Duk wannan sa ido ba ya yiwuwa a gida. Macen da ta ga zubar ruwa, ko da babu ciwo, kada ta ɗauke shi zaƙi ta tsaya shan jiƙo, kada kuma ungozoma ta sa mata hannu. A kai ta Babban Asibitin Tambuwal ko asibiti mafi kusa a ranar, inda za a iya tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato idan jaririn zai buƙaci kulawa ta musamman.