Kayan Nutso da Atisayen Haɗin Gwiwa a Aikin Ceton Jiragen Ƙarƙashin Teku

Tsakure

Wannan maƙala ta duba haɗurra uku na jiragen sojojin ruwa masu tafiya ƙarƙashin teku. Matsayarta ita ce ingancin kayan nutso kaɗai ba ya ceton rai. Saurin isowa, da dacewar na'urar wata ƙasa da ƙofar jirgin wata, su ne kan gaba, kuma atisaye ne ke samar da su.

Matsin ruwa da jikin ɗan Adam

Duk mita 10 da mai nutso ya ƙara, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar doron ƙasa. Daga wajen mita 30 iskar nitrojin takan fara juya masa tunani kamar wanda ya bugu. Idan kuma ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jininsa, gaɓoɓi su ɗauki ciwo, wani ma ya shanye. Shi ya sa masu nutso mai zurfi ke shaƙar haɗin hiliyom da oksijin, sannan a tsare su a ɗakin rage matsi bayan sun fito.

Squalus da Kursk

A watan Mayun 1939 jirgin Amurka mai suna Squalus ya nutse a zurfin kusan mita 74. An ceto mutum 33 da na'urar McCann, wani ɗakin ƙarfe mai siffar ƙararrawa. Sai da mai nutso ya sauka ya maƙala waya a ƙofar jirgin kafin na'urar ta bi ta ƙasa. A sawu na huɗu wayar ta cije, igiyar ƙarfen da ke riƙe da na'urar daga sama ta soma tsinkewa, dole masu ceto suka ja ta da hannu a hankali har ta fito.

Lamarin Kursk ya fi ciwo. Ranar 12 ga Agustan 2000 wannan jirgi na Rasha ya nutse a Tekun Barents, a zurfin kusan mita 108, da mutum 118. Mutum 23 sun tsira daga fashewar da ta nutsar da jirgin, suka taru a sashe na tara. Na'urorin ceton Rasha sun yi ta ƙoƙarin mannewa da ƙofar tsira, abin ya faskara. Sai ranar 16 ga wata aka karɓi taimakon Birtaniya da Norway, kuma ranar 21 masu nutson Norway suka buɗe ƙofar, suka tarar ruwa ya cika sashen. Binciken hukumomin Rasha ya ce mutanen sun rasu cikin sa'o'i kaɗan. Ko da hakan ne, jinkirin kwana huɗu kafin a amsa tayin taimako abu ne da ba shi da uzuri, domin a lokacin babu wanda ya tabbatar sun mutu.

Abin da ya biyo baya

A 2003 aka kafa ofishin ISMERLO ƙarƙashin NATO don haɗa kan ƙasashe idan haɗari ya auku. Amfanin haɗin kan ya bayyana a Agustan 2005, lokacin da ƙaramin jirgin Rasha AS-28 ya sarƙe a zurfin kusan mita 190 daura da Kamchatka. Birtaniya ta kai na'urar Scorpio ta jirgin sama, ta yanke ragar da ta ɗaure shi, mutum bakwai suka fito da ransu.

Birtaniya da Faransa da Norway suna da na'urar ceto ta haɗin gwiwa a Faslane, wadda ke kaiwa mita 610, ta kwaso mutum 15 a sawu ɗaya. Amma ba za ta tsinana komai ba sai bakinta ya zauna daram a kan ƙofar jirgin, ruwa bai samu kafa ba. Wannan ake gwadawa a atisaye irin su Pacific Reach da Dynamic Monarch: jirgi na gaske ya kwanta a ƙasan teku, baƙuwar na'ura ta manne masa, a kwashe matuƙa. A atisayen Bold Monarch na 2011 a gaɓar Sifaniya, jirgin Rasha Alrosa ya shiga.

Kayan suna da iyaka. Jiragen San Juan na Ajantina a 2017 da Nanggala na Indonesiya a 2021 sun faɗa zurfin da ya haura mita 800, inda ba a maganar ceto. Ɗaya iyakar ta siyasa ce: tun 2014 NATO ta dakatar da hulɗar aiki da Rasha, wadda rundunarta ta jiragen ƙarƙashin teku ke cikin mafiya girma a duniya.