Lagireton Tsoffin Motocin Daji a Yankin Maraɗi

Lagireto shi ne ke rage zafin ruwan da ke zagaya injin mota, kuma a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji wahalarsa ta fi ta kowane ƙarfe a jikin mota. Babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram ta ratsa dukkan garuruwan uku, amma da an sauka daga kanta sai rairayi. A cikin rairayi mota na tafiya da ƙaramin giya, injin na kuka, iskar da ke shiga ta gaba kuwa kaɗan ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40.

Motocin da suka fara buɗe hanyoyin ƙauyuka su ne Land Rover da Peugeot 404, daga baya Toyota Land Cruiser da Hilux suka ƙwace fagen. Da yawansu sun shigo hannun ƴan kasuwa ne bayan sun gama aiki a ma'aikatu da ayyukan raya karkara. Lagiretonsu na jan ƙarfe da tagulla ne, an haɗa da dalma. Wannan ne ya haifar da sana'ar mai gyaran lagireto: ya narke dalma, ya cire tankin sama, ya zura siririn ƙarfe cikin kowane bututu ya fitar da dattin da ruwan rijiya ya tara, ya toshe wanda ya fashe, ya sake liƙewa. A wancan zamani ba a cika sayen sabo ba.

Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin kayan da ake shigowa da su daga Turai, sai kasuwa ta karkata ga kayan hannu ƴan Kwatano da na Ƙofar Ruwa a Kano, waɗanda ke bi ta Jibiya da Ɗan Isa. Bayan haka lagireton alminiyam mai tankin roba ya cika shaguna. Ba shi da nauyi, yana da araha, kuma sabonsa na sanyaya injin sosai. Aibinsa ɗaya: idan robar ta tsage saboda zafi da girgiza, dalma ba ta kama ta, gam kuma bai daɗewa.

Shi ya sa tsoffin makanikai ke fara tambayar inda motar za ta yi aiki. Wadda ke bin kwalta tsakanin Maraɗi da Tasawa, alminiyam ya ishe ta. Mai lodin gero da fasinja zuwa kasuwannin ƙauye gara ta samu na tagulla mai layi uku ko huɗu, ko da tsoho ne, muddin bututunsa ba su ruɓe ba. Akan auna tsawo da faɗi da mazaunin ƙusoshi, a duba bakin tiyo na sama da na ƙasa, domin Land Cruiser mai injin 2H da mai 1HZ ba lallai lagiretonsu ya zo ɗaya ba. Kafin a biya kuɗin na hannu, akan toshe bakunansa, a hura masa iska cikin ruwa a ga ko zai yi kumfa.

Sau da yawa ma laifin ba na lagireton ba ne. Murfin da ya saki, fanka da ta gaji, ko ƙaiƙayi da ƙura da suka cushe gabansa duk suna sa ruwa tafasa. Garin taba da sabulun da direbobi ke zubawa don tsayar da yoyo a hanya kan kai mota gida, amma su ne ke toshe bututun da mai gyara zai sha wahalar buɗewa daga baya.